Yadda Mai Rubuta Manhaja Zai Nemi Kuɗin Gefe Ba Tare Da Ya Cinye Gobensa Ba

Daga watan Nuwamban 2022 zuwa Janairun 2023, kamfanin Meta ya sanar da sallamar ma'aikata 11,000, Google 12,000, Microsoft 10,000, Amazon kuwa 18,000. A cikin Nuwamban nan ne Twitter ya kori kusan dukkan ma'aikatan ofishinsa na Accra, kwanaki kaɗan da buɗe ofishin. Ba a gama jimamin wannan ba sai ga Yunin 2023, aka saki naira, dalar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a cikin 2024. Wanda ke yi wa kamfanin waje aiki ya gane cewa saƙon imel ɗaya ya isa ya raba shi da abincinsa. Mai karɓar albashi da naira kuma ya ga kwamfutar da yake tara kuɗin saye tana ƙara yi masa nisa.

Shi ya sa da wuya ka zauna da mai rubuta manhaja a yau ka tarar ba ya da aikin gefe, ko ba ya nema. Neman ba laifi ba ne. Abin da ke damuna shi ne yadda samari da 'yan mata masu basira ke kwashe shekaru biyar suna tsalle daga wannan ƙaramar kwangila zuwa waccan, kuɗi na shigowa suna fita, ranar da suka waiwaya sai su tarar babu ajiya, ƙwarewa ba ta ƙaru ba, kuma ba wanda ya san sunansu. Don haka tambaya ɗaya za ka riƙa yi wa kanka a duk matakan da ke tafe: bayan kuɗin ranar, me wannan aikin zai bar min? Ilimin da ban da shi, ko shaidar da zan nuna wa na gaba, ko kuɗin da zai riƙa dawowa duk wata? Aikin da bai bar maka ko ɗaya ba, ka karɓe shi ne kawai idan gida babu abinci.

Mataki na farko: ɗauko takardar ɗaukarka aiki

Idan kana da aikin albashi, kafin ka yi wa kowa alkawari, ka sake karanta takardar da ka sa wa hannu. Duba ko an hana ka wani aiki ɗungurungum ko kuwa izini kawai ake so ka nema. Duba ko an hana ka yi wa abokan gogayyar kamfanin aiki. Sannan ka duba wanda ya fi haɗari, wato wa ke da mallakar abin da ka rubuta. Kamfanoni da yawa na sa sharaɗin cewa duk manhajar da ka ƙirƙira da kayan aikinsu ko a lokacin aikinsu tasu ce. Saboda haka kada aikin gefe ya taɓa kwamfutar ofis, ko imel ɗin ofis, ko asusun ofis na GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhaja, ko da na minti biyar ne. Ma'aikacin gwamnati a Najeriya kuma ya san cewa ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin kundin tsarin mulki ta hana mai cikakken aikin gwamnati gudanar da kasuwanci na kansa in ba noma ba. Inda takardar ba ta fito fili ba, gara ka tambayi shugabanka a rubuce, ya ba ka amsa a rubuce.

Mataki na biyu: ƙirga lokacinka da gaskiya

Cire awannin ofis, da barci, da ibada, da iyali, da zaman hanya. Mafi yawan masu aikin albashi ba sa samun fiye da awa takwas zuwa goma a mako da ƙwaƙwalwa ke aiki sosai. Kan wannan za ka gina lissafi, ba kan daren da ka taɓa kwana kana rubutu ba. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma wanda ya fara zuwa ofis da jajayen idanu yana gyangyaɗi a wurin taro ya kusa rasa babban abincin saboda ƙaramin.

Awannin nan ba su da amfani idan babu wuta da intanet. Kuɗin gefenka na farko ya tafi can: ƙaramar inbata da batir, ko sola in hali ya yi, da layuka biyu na kamfanonin waya daban-daban. Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam, ya shigo Najeriya tun Janairun 2023, amma mai farawa bai buƙace shi ba tukuna.

Mataki na uku: zaɓi hanya ɗaya

Hanya ɗaya na ce, aƙalla na wata shida. Kuma ni a ganina wadda aka fi rainawa ita ta fi albarka ga mai farawa, wato kasuwar da ke ƙofar gidanka.

Makarantu masu zaman kansu na fama da haɗa sakamakon jarrabawa da bin kuɗin makaranta duk ƙarshen zango. Mai kantin magani na asarar kaya saboda bai san wanda wa'adinsa ya kusa ƙarewa ba. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari na da littattafan bashi da shi kansa ke wahalar ganewa, haka dillalin hatsi a Dawanau da ke saye a ƙauyuka da yawa. Waɗannan mutanen ba za su ce maka suna son manhaja ba. Abin da za ka ji shi ne "ban san nawa nake bi ba" ko "lissafin yaran shago ba ya fita". Je ka zauna wuni guda a shagon, ka ga yadda ake rubuta rasit, wa ke riƙe littafi, yaushe ake rufe lissafi. Daga nan za ka gane abubuwan da darussan intanet ba sa koyarwa: dole manhajar ta yi aiki ko babu sabis, dole ta buɗe a ƙaramar wayar Android mai arha, dole yaron da bai gama sakandare ba ya iya sarrafa ta cikin kwana ɗaya, kuma maigida na son ya ga jimillar ciniki a wayarsa kafin ya kwanta. Wanda ya iya wannan ya mallaki abin da mai rubuta manhaja a Legas ko Indiya ba zai iya ƙwace masa cikin sauƙi ba, domin harshe da amana da kusanci na cikin abin da ake saye.

Hanya ta biyu ita ce aikin ƙasashen waje, ta dandamali irin su Upwork da Fiverr, ko masu tantancewa kafin su ɗauka irin su Toptal da Andela. Daɗinta a fili yake, dala ce. Agogonmu ma na taimakawa, don bambancinmu da Ingila ko Jamus ba ya wuce awa ɗaya, 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru masu jin Faransanci kuma suna da kasuwar Faransa da Beljiyam. Amma ka shiga da sanin cewa Fiverr na cire kashi 20 cikin ɗari na kowane ciniki, a Upwork kuma ban da la'ada, neman aikin kansa na cin 'yan kuɗi. Watannin farko na da ɗaci saboda ba ka da shaidar kowa. Abin da ke gajarta su shi ne taƙaita kanka ga abu ɗaya: maimakon ka ce ka iya komai, ka ce kana gyara shagunan intanet da aka gina kan WordPress masu nauyin buɗewa, ko kana haɗa tsarin biyan kuɗi. WordPress, manhajar gina shafukan intanet, ita kaɗai na ɗauke da kusan kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet na duniya, aikin gyara ba ya ƙarewa a can. Kuma ka gyara rubutun Turancinka, domin kafin kwastoma ya ga aikinka saƙonka yake gani.

Gargaɗi a nan: za a zo maka da tayin ka ba da hayar asusunka, ko katin shaidarka, a riƙa biyanka duk wata. Kada ka yarda. Mafi sauƙin abin da zai biyo baya shi ne a rufe asusun har abada, mafi muni kuma a yi damfara da sunanka. Haka duk "aikin" da aka ce sai ka fara biyan kuɗin rajista.

Koyarwa ita ce ta uku. Tun da aka ƙaddamar da shirin 3MTT na gwamnatin tarayya na horar da matasa fasahar zamani a 2023 masu son koyon wannan sana'a suka ƙaru ƙwarai, kuma masu iya bayaninta da Hausa mai kyau ba su da yawa. Ajin mutum goma a ƙarshen mako na kawo kuɗi nan take. YouTube na jinkirin biya, amma yana sa a san ka.

Ta huɗu, wato ka gina manhajarka ka sayar, na bar ta ƙarshe da gangan. Kowa ita yake mafarki, kuma ita ta fi cinye shekarun mutane. Shiga ba tsada, dala 25 ne sau ɗaya a Google Play, dala 99 duk shekara a wajen Apple. Samun wanda zai biya shi ne aikin. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce manhajar ta fito daga kwangila: idan makaranta ta uku ta nemi abin da ka yi wa biyu na farko, to ka samu kaya. Daga nan sai ka mai da shi tsari ɗaya da kowace makaranta ke biyan kuɗinsa duk zango.

Mataki na huɗu: farashi da yarjejeniya

A nan ake cutar mafi yawanmu, kuma sau da yawa mu ke cutar kanmu saboda kunya.

Fara da lissafi. A ce kana son ƙarin naira 200,000 a wata, kana da awa goma a mako, wato arba'in a wata. Ba duka arba'in ɗin za a biya ka ba, domin waya da kwastoma, da zirga-zirga, da rubuta tayin aiki za su cinye kusan sha biyar. Saura 25. Raba 200,000 gida 25, awarka ta kama 8,000. Ɗora kuɗin data da man janareto da tsufan kwamfuta da haraji, ka ga ta kai wajen 10,000. Wannan misali ne kawai, ka sa naka alƙaluman. Ba lallai ka faɗa wa kwastoma kuɗin awa ba, ɗan kasuwa ya fi son jin farashi ɗaya. Kai dai ka kimanta awannin da aikin zai ci, ka ƙara rabinsu a kai domin kowa na raina tsawon aiki, ka ninka da kuɗin awarka. Abin da ya fito shi ne ƙasan farashinka. Idan manhajar za ta toshe wa mutum asarar miliyoyi a shekara, ka hau sama da haka ba tare da jin nauyi ba.

Sai rubutu. Ko da aminin babanka ne, a rubuta, ko da shafi ɗaya ne. A faɗi abin da manhajar za ta yi ɗaya bayan ɗaya, a kuma faɗi abin da ba ya ciki. A sa ranar miƙawa, da yawan gyaran da ke cikin farashin, biyu sun isa. Duk abin da ya biyo bayan "af, na manta, a ƙara min kaza" sabon ciniki ne da sabon farashi, kuma a faɗe shi cikin ladabi tun ranar farko don kada ya zama rigima daga baya. A raba biya kashi-kashi: kafin alƙalami rabi ko kashi 40 cikin ɗari, wani kaso idan ka nuna aikin yana tafiya, cikon kuma kafin ka miƙa makullan shiga. Wanda ya ƙi ba da kafin alƙalami ya riga ya nuna maka yadda ƙarshen zai kasance. Idan akwai abin da ake biya da dala, kamar hayar saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar a intanet, ko sunan shafi, a ware shi daban, a yi rajistarsa da sunan kwastoma, shi ya riƙa biya. Ka kuma sa layi ɗaya da ke ba ka damar sake amfani da ginshiƙin aikin a wani wuri, in ba haka ba manhajar da muka yi maganar sayarwa a sama ba za ta zama taka ba.

Sannan abin da ya fi komai daraja a takardar: kuɗin kulawa na wata-wata. Kowace manhaja na buƙatar adana kwafin bayanai, da sabuntawa, da wanda za a kira idan ta tsaya. Ka sa masa farashi tun farko, da iyakar awannin da ya ƙunsa. Kwastomomi biyar masu biyan kulawa sun fi kwangila ɗaya mai maiƙo da ba ka san yaushe irinta za ta sake zuwa ba, domin da su ne za ka iya cewa wata mai zuwa ga abin da zai shigo.

Ka tuna kuma bayanan ɗalibai da na marasa lafiya amana ne, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya. Kada ka bar su a buɗe, kada ka yi gwaji da su a wayarka.

Mataki na biyar: hanyar kuɗi da hukuma

Buɗe asusu daban na aikin gefe. Yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka samu lambar haraji. Makarantu manya da ƙungiyoyi ba sa son tura kuɗi asusun mutum, kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet irin su Paystack da Flutterwave ma sun fi buɗe wa mai rajista ƙofa. Kuɗin waje kuwa, Payoneer, mai karɓo kuɗi daga ƙasashen waje, da asusun dala a banki sun wadatar, sai dai ka kwatanta kuɗin cirewa da farashin canji kafin ka zaɓa. Ajiye kowace takardar neman biya da kowane rasit. Sabuwar dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara, abin da ya haura akwai haraji, kuma kuɗin gefe na cikin lissafin. Zama ɗaya da akanta a shekara ya fi biyan tara arha.

Mataki na shida: inda kuɗin za su

Kada ka sa kuɗin gefe cikin cefanen yau da kullum. Da zarar haya da kuɗin makarantar yara sun dogara da su, sun tashi daga na gefe, kai kuma ka zama mai aiki biyu na dole. Fara tara abin da zai riƙe gidanka wata shida ba tare da albashi ba. Wannan ajiyar ita ke ba ka bakin cewa a'a ga mugun kwastoma, ita ke ba ka damar zama wata biyu ka koyi sabon abu. Idan da dala ake biyanka, bar wani ɓangare a dalar.

Bayan nan sai na nesa. Mai aikin albashi a ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 ana cire masa kashi 8, mai ɗaukar aiki na sa kashi 10. Mai aikin kansa ba wanda ke sa masa ko sisi, don haka ya nemi tsarin fanshon masu sana'ar kansu da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta ƙaddamar a 2019. Ga mai gudun kuɗin ruwa, akwai sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, na gwamnatin tarayya da aka fara fitarwa a 2017, wanda ake shiga da naira 10,000, akwai kuma bankunan Jaiz da TAJ da Lotus. Ka ware wa dangi kaso sananne da kai ka yanka, domin ranar da aka ji kana cin dala buƙatu za su ƙaru, kuma wanda bai sa iyaka ba zai yi ta bayarwa har ya rasa abin bayarwa. Zakka ma a lissafa ta idan ajiya ta kai nisabi ta shekara.

Mataki na bakwai: shekaru goma masu zuwa

Akwai waɗanda suka gina rayuwarsu kan Flash, manhajar bidiyo da wasanni a shafukan intanet, aka rufe shi a ƙarshen 2020. Akwai waɗanda suka ƙware a manhajojin BlackBerry da Windows Phone. A gefe guda, SQL, harshen rumbun bayanai, na nan tun shekarun 1970, Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta, tun 1991, Git, mai adana sauye-sauyen rubutun manhaja, tun 2005, kuma har gobe ana neman wanda ya san su sosai. Saboda haka ka raba lokacin koyonka: mafi yawansa ga tushe, wato rumbun bayanai, yadda kwamfutoci ke magana da juna, tsaro, gwajin manhaja, tsara babban aiki, da karanta abin da wani ya rubuta. Ragowar ga sabon yayi.

Tun fitowar GitHub Copilot a 2021 da ChatGPT a Nuwamban 2022, ƙirƙirarriyar basira na rubuta ƙananan ayyukan da a da ake ba masu farawa. Ka koyi aiki da ita kullum, amma kada ka miƙa wa kwastoma abin da ba za ka iya bayaninsa layi-layi ba. Abin da farashinsa ke faɗuwa shi ne saurin buga rubutu. Abin da ke tashi shi ne gane ainihin matsalar mutum, da sanin lokacin da amsar na'ura ba daidai ba ce, da ɗaukar alhaki idan abu ya lalace. Wannan ne dalilin da ya sa nake nacewa ka zaɓi fanni ɗaya ka nutse a ciki, ko harkar kuɗi, ko lafiya, ko noma, ko ilimi, ko sufuri. Masu iya React, kayan aikin gina fuskar shafukan intanet, sun yi yawa. Wanda ya iya React kuma ya san yadda asibiti ke karɓar kuɗin inshorar lafiya, ko yadda murabaha, wato banki ya sayi kaya ya sayar maka da ribar da aka sani, ke aiki a bankin Musulunci, ba shi da yawan abokan takara. Ka sa ayyukan gefenka su riƙa faɗawa cikin fannin nan, kowanne na ɗorawa kan na baya.

Wajen shekara ta biyar zuwa ta bakwai hanya kan rabu. Ko ka ci gaba a matsayin babban injiniya mai tsara gini da warware matsaloli masu wuya, ko ka koma jagorantar mutane, ko ka kafa naka. Babu wadda ta fi wata daraja, kuma ba dole ba ne kowa ya zama manaja. Aikin gefe wuri ne mai arha na gwaji: ɗauki ƙaramin mai koyo ka ba shi wani sashe, ka biya shi hakkinsa, ka ga ko jan ragamar mutane na yi maka daɗi.

Kuma a san ka. Duk aikin da ka gama, nemi izinin kwastoma ka rubuta taƙaitaccen bayani: ga matsalar, ga abin da aka yi, ga abin da ya canza. Taimaka wa wata buɗaɗɗiyar manhaja, wadda kowa ke iya gani ya gyara, a GitHub. Halarci DevFest, taron masu rubuta manhaja, na garinku, ka tashi ka yi jawabi ko na minti goma ne. Ayyuka masu kyau sun fi zuwa ta bakin wanda ya taɓa aiki da kai.

Mataki na takwas: yaushe ake ajiye aikin albashi?

Ba ranar da shugabanka ya ɓata maka rai ba, ba kuma watan da kwangila mai tsoka ta faɗo ba. Ka jira har ajiyar wata shida ta cika, kuɗin gefe ya kai albashinka wata shida a jere, kuma babu kwastoma ɗaya da ke kawo fiye da rabin abin da kake samu. Ka yi shawara da iyalinka, ka tanadi inshorar lafiyar da za ta maye gurbin ta ofis. Idan sharuɗɗan sun cika, ba da sanarwar da takardar aikinka ta tanada, ka rubuta bayanin miƙa aiki dalla-dalla, ka horar da wanda zai gaje ka. Idan ba su cika ba, ka sa rana a kalanda bayan wata shida, ka jera ayyukan da ka yi a tsakani da abin da kowanne ya bar maka, ka sallami kwastoman da ya fi cin lokaci ya fi ƙarancin biya, ka ƙara farashi ga sabon da zai zo.